Sharhi: A Gina wa Ɗalibai Ɗakin da Zai Yi Sanyi da Kansa



Kowace shekara yaranmu na Tasawa da Mayahi da suka ci jarrabawar BAC suna kama hanyar Maraɗi, zuwa Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo wadda aka kafa a 2010. Iyaye na tambayar kuɗin rajista da na abinci. Ba kasafai ake tambayar irin ɗakin da yaro zai kwana ba, alhali a Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40.

Ɗakin bulo na siminti mai rufin kwano, rana tana dukansa tun hantsi. Kwanon ya ɗauki zafi ya zuba shi ƙasa, bango ya sha ya riƙe, har tsakar dare yana turiri. Yaro ya buɗe littafi, gumi na ɗiga a kan takarda. Sai a ce a sa fanka. To, da wace wuta? A watan Agusta na 2023 Nijeriya ta yanke wutar da take ba mu, kowa ya ga abin da ya biyo baya. Gidan ɗaliban da ba ya zaunuwa sai kamfanin lantarki na NIGELEC ya kawo wuta, tun daga zane aka ɓata shi.

Ba sai mun je nesa neman dabara ba. A Dandaji, cikin jihar Tawa, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun kammala masallaci da ɗakin karatu a 2018 da tubalin ƙasa wanda aka matse da inji. A Gando ta Burkina Faso, Francis Kéré ya ɗaga kwanon makaranta sama da rufin ciki, iska tana ratsa tsakani tana kwashe zafin kafin ya sauko kan yara. Tun 1980 kuma aka fara gini ba katako a Chikal, nan ƙasarmu, rufin ƙubba da tubali zalla, magina da yawa sun koya.

Bangon ƙasa mai kauri a hankali yake shan zafi, shi ya sa soron kakanninmu ke da sanyi da azahar. Amma da dare yana sakin abin da ya sha, don haka dole a yi tagogi masu fuskantar juna. Doguwar fuskar gini ta dubi kudu da arewa, a dasa bedi ta yamma inda ranar la'asar ke duka. Idan an yi haka, farantan hasken rana kaɗan sun isa fitila da fanka da cajin waya.

Gaskiya ginin ƙasa yana son kulawa, damina ba ta raga wa bangon da aka yi wa sakaci. Ƙasar jigawa irin ta Mayahi ma yashi ya yi mata yawa, sai an gwada an nemo yumɓu. Wannan aikin jami'a ne. Tana da malaman kimiyya da fasaha, tana da ɗalibai masu neman abin bincike. Kafin hukumar CROU mai kula da gidajen ɗalibai ta ba da kwangilar wani sabon gini, a sa ma'aunin zafi a ɗakin siminti da ɗakin ƙasa tsawon bazara guda, a karanta wa jama'a sakamakon a rediyo.