Gidan Ɗantata: daga huhun goro zuwa matatar mai

A kasuwannin Maraɗi da Damagaram an sha ganin attajiri ya kwanta dama, kafin shekara ta zagayo rabon gado ya watsa abin da ya share shekaru arba'in yana tarawa. Wannan ya ɗauki mota, wancan ya riƙe kanti, suna ya ɓace. Gidan Ɗantata na Kano ya tsallake wannan rami.

Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 cikin zuriyar fataken Agalawa, da goro ya soma. Yana cikin waɗanda suka fara barin ayari suna ɗora huhunansu a jirgin ruwa daga Ankara ta ƙasar Gana zuwa Ikko. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, Turawa kuma suka matsu da gyaɗa, sai ya zama babban mai saya wa kamfanoninsu, yana ba ƙananan dillalai jari su shiga ƙauyuka tun kafin kaka. Har yau ana ba da labarin raƙuma ashirin ɗauke da kuɗin azurfa da ya kai banki a 1929.

Ya rasu a 1955. An raba gado yadda shari'a ta tanada, amma kamfanin Alhassan Dantata & Sons ya tsaya da ƙafarsa. Ahmadu ya riƙe shi, bayan rasuwarsa a 1960 ƙanensa Aminu ya karɓa.

Babbar jarrabawa ta zo da farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975, masifar da ta durƙusar da Sonara a Nijar, ta kuma share dalar gyaɗa daga Kano. Wanda gyaɗa kaɗai ya sani ya tafi tare da ita. Gidan kuwa tuni ya shiga aikin gine-gine da dillancin motoci, daga baya hanyoyi ta kamfanin Dantata & Sawoe, sannan man fetur.

Reshen da ya fi tsawo ma ta wajen mace ya fito. Aliko Ɗangote ɗan Mariya ne, ƴar Sanusi Ɗantata, da rancen dangin uwa ya fara kasuwanci a 1977. Matatarsa ta Lekki, wadda aka gina don tace ganga 650.000 a rana, ta soma aiki a 2024. Alhaji Aminu ya ga wannan da idonsa kafin ya rasu a watan Yunin 2025, aka binne shi a Madina.