Zauren Iyali: Likitan da Ya Ta da Ƙadangarun Dā

Yaranmu na Kakuri da Sabon Tasha da Barnawa da yawa sun kalli fim ɗin nan Jurassic Park, sukan kuwa dawo gida da tambaya: "Baba, da gaske ne mutum yana iya ta da dabbar da irinta ya ƙare?" Kada iyaye su kore su da tsawa. Tambayar tana da amsa.

Dakta Henry Wu, masanin da ke cikin labarin, ba a taɓa haihuwarsa ba. Wani Ba'amurke, Michael Crichton, shi ya ƙago shi cikin littafi a 1990, aka yi fim a 1993. An ce wai ya tsotso jinin manyan ƙadangarun dā daga cikin sauro da ƙaron itace ya daskare a kansa, ya cike giɓi da na kwaɗo. Dabarar da daɗin ji, amma sinadarin gado da ke cikin jini ruɓewa yake yi. Mafi tsufa da aka samu, wanda aka ba da labarinsa a 2022 daga ƙanƙarar Girinlan, bai wuce shekara miliyan 2 ba. Masana kuwa sun ce ƙadangarun nan sun ƙare shekara miliyan 66 da suka shige. Ina aka haɗu?

An dai gwada da dabbobin jiya-jiya. Wata akuyar dutse ta ƙasar Sifen, ta ƙarshe a irinta, ta mutu a 2000. A 2003 masana suka sa aka haifi 'yarta daga fatar kunnenta da suka adana. 'Yar ta yi 'yan mintoci tana fama da huhu, ta mutu. A 2025 kuma kamfanin Colossal na Amurka ya yi shela cewa ya dawo da wani kyarkeci da ya ɓace tun fiye da shekara 10,000. Masana da dama suka ce a'a, kyarkecin yau ne aka taɓa masa gado a wurare 20, an yi masa ado kawai. Ni ina bayansu.

To, mu dubo gida. Garin nan namu daga kada ya sami sunansa, amma yaro nawa ne ya taɓa ganin kada yana shan hantsi a bakin kogin? Tsofaffi suna tuna lokacin da ungulu ke cika kowace mahauta. Yau sai ka yi wata ba ka ga ɗaya ba, gama ana kashe su ana sayar wa masu tsubbu. Baƙar karkanda ta yammacin Afirka kam tuni ta tafi: a 2011 aka tabbatar babu sauranta. Ku tuna wa yara cewa Nuhu masu rai ya shigar cikin jirgi, namiji da tamace, tun ruwa bai sauko ba.

Maƙwabtanmu na Nijar sun yi irin wannan aiki. A 1996 raƙuman dawa 49 kaɗai suka rage a yankin Kure, kusa da Yamai, su ne na ƙarshe na irinsu a duniya. Gwamnati ta hana farautarsu, manoma suka haƙura da ɓarnar da suke yi wa wake, masu yawon buɗe ido suka riƙa biyan 'yan ƙauye kuɗin rakiya. Kafin 2020 sun haura 600. A 2018 har aka ɗebi 8 a mota aka kai su dajin Gadabeji, a jihar Maraɗi, inda aka yi shekaru da yawa ba a ga sawunsu ba.