Buhu biyu a kan babur: Lissafin da ba ya karɓar uzuri

Duk wanda ya taɓa hawa babur daga 'Yankuzo zuwa Tsafe ya san yadda ake lodi: buhun masara biyu a baya, wani lokaci har da fasinja a sama. Ga kuma fargabar 'yan bindiga, ba mai son daɗewa a hanya, sai a murɗa totur. Mai gudun yana da uzuri, amma akwai lissafin da ba ruwansa da uzuri.

Masana fiziks na kiransa momentom, wato ƙarfin tafiyar abu. Abu biyu ne kacal ke samar da shi: nauyin abin da kuma saurinsa, a riɓanya wannan da wancan. A kansa Isaac Newton ya gina dokokinsa na motsi a 1687.

A ce babur da mai shi kilo 180 ne. Idan aka ɗora buhu biyu masu kilo ɗari-ɗari, an koma kilo 380. Ko bai ƙara gudu ba, ƙarfin tafiyarsa ya haura ninki biyu, alhali birkin na jiya ne.

Haka abin yake a titin Funtua zuwa Gusau, wanda ya ratsa Tsafe da Kwatarkwashi. Tirela mai tan 30 da ke tafiyar kilomita 20 a awa ta ninka ƙaramar mota mai tan ɗaya da ke gudun kilomita 100 har sau shida a ƙarfin tafiya. Shi ya sa yaron da ya ga tirela na jan ciki ya ce bari ya tsallaka, yake wasa da ransa.

Gudu kuwa ya fi lodi sharri. Idan direba ya ninka gudunsa, tazarar da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya takan ninka kusan sau huɗu.

Ba na cewa a yi tafiyar hawainiya a dajin da ake tare mutane. Amma wanda ya ƙara kaya, dole ya rage wuta. Wanda ya shigo gari, inda 'yan talla da 'yan makaranta ke bakin titi, ya ɗaga ƙafa tun daga nesa. Malaman kimiyya su ma su fito da wannan darasi daga allo su kai shi tasha. Babu amfanin a tsere wa ɗan bindiga a daji, a zo a kashe ɗan wani a bakin kasuwa.