Marubutanmu da neman dillalin adabi

A Ingila da Amurka, manyan kamfanonin ɗab'i ba sa duba rubutun sabon marubuci sai ta hannun dillali. To amma dillalan nan ba sa jin Hausa, don haka kada matasanmu na Madekali da Malanville su ɓata shekaru suna aika musu wasiƙu. Marubutan Kano irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da aljihunsu suka buga littattafansu, suka kai kasuwa. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu ma sai da ya karɓu a gida kafin kamfanin Blaft na Indiya ya fitar da fassararsa a 2012. Namu cikas ɗin daban ne: da Faransanci aka koya mana riƙe alƙalami. Kafin mu biya maɗaba'a ko sisi, mu nemi wanda ya san ƙa'idojin rubutun Hausa ya tace mana, ko da sai mun je Gaya ko Birnin Kebbi.