Ziyarar Bazata da Haƙƙin Wanda Ba Ya Iya Kai Ƙara



'Yan uwa, yau ina so mu dubi wata doka ta ƙasar Amurka wadda ta shafi gidajen jinyar tsofaffi da nakasassu. A 1987 majalisar dokokin ƙasar ta yi wa waɗannan gidaje sabon tsari, bayan wani rahoto na 1986 ya nuna irin sakacin da ake yi da mazauna cikinsu. Cikin abin da dokar ta wajabta akwai cewa jami'an duba lafiya su riƙa zuwa ba tare da sanarwa ba, kuma kada a wuce wata 15 ba a duba gida ba. Duk wanda ya tsegunta wa masu gida ranar da za a zo, dokar ta tanadar masa tarar da ta rubuta iyakarta dala 2,000.

A ganina wannan hukunci adalci ne. Idan aka san ranar zuwan baƙo, ko malalaci yakan share tsakar gida. Za a canza zannuwan gado, a ƙaro ma'aikata na wuni ɗaya, a cike takardun da aka yi watanni ba a taɓa ba. Mai duba ya shigo ya ga tsafta, ya sa hannu ya tafi. Amma tsohuwar da bayanta ya yi gyambo saboda ba a juya ta a kan gado, ita ba ta da ranar sanarwa. Kullum a nan take kwana, kuma sau da yawa ba ta da bakin kai ƙara. Wanda ya fallasa ranar, shaidarta ya ɓoye.

Sai dai ɓoye rana kaɗai bai wadatar ba. A 1998 ofishin GAO, mai yi wa majalisa bincike, ya gano cewa a jihar Kalifoniya masu gidajen kan iya hasashen lokacin, domin kusan lokaci ɗaya ake zuwa kowace shekara. Daga nan aka umarci jihohi su riƙa fara aƙalla kashi 10 cikin 100 na dubawar da sassafe, ko da yamma, ko a ƙarshen mako, lokutan da ma'aikata suka fi ƙaranci. A 2006 kuma babbar hukuma mai zaman kanta da ke tantance asibitocin ƙasar ta koma zuwa bagatatan.

Wani zai ce: ashe wannan ba tajassusi ba ne, wanda addini ya hana? Ina ganin akwai bambanci. Abin da aka hana shi ne bibiyar al'aurar mutum a sirrin gidansa. Wanda kuwa ya buɗe ƙofa ya karɓi rayukan mutane amana, yana karɓar kuɗi a kai, aikinsa ya zama haƙƙin jama'a. Sayyidina Umar (RA) da dare yake zagaya Madina domin ya ga halin talakawa yadda yake, ba yadda za a shirya masa ba.

Wani kuma zai ce zuwan bazata na takura wa ma'aikatan kirki. Gaskiya ne yakan dagula aikin wuni, kuma wajibi ne mai duba ya shiga da ladabi, ya kiyaye mutuncin majinyaci. Amma wahalar wuni biyu ko uku ba ta kai wahalar wanda zai shekara a hannun mai sakaci ba.

Ɗan uwa, cikinmu akwai masu karatun likitanci da aikin jinya, akwai waɗanda wata rana za a ba su aikin duba wasu. Idan ranar ta zo, aboki ya bugo waya yana tambayar yaushe za ku shigo, ka tuna da mai kwance a gadon ƙarshe, ka kama bakinka.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu cikin masu riƙon amana. Wassalam.