Ƙarin Albashi Ko Ci Gaban Mai Haƙar Rijiya?

A ganina, kuskure ne ma'aikaci ya auna ci gabansa da lambobin da ke kan takardar albashi. A shekarar 2011, mafi ƙarancin albashi a Nijeriya Naira 18,000 ne, kimanin Dala 120. A 2024 aka mayar da shi Naira 70,000, amma bai kai Dala 50 ba. Wancan yana sayen buhun shinkafa har da canji. Wannan kuwa, a 2024, bai isa buhu ɗaya ba.

Mu ma a jami'a haka abin yake. Malami ya zama Farfesa, a yi ta taya shi murna, alhali cefanen gidansa raguwa ya yi. Tunda dokar 2024 ta tanadi sake duba albashin duk shekara uku, lallai ne ƙungiyoyin ƙwadago su je zaman da farashin kasuwa a hannu.