A Gwada Ƙarfin Gadojinmu Tun da Rani

Duk shekara idan damina ta kankama sai a ji labarin gada ta karye, sa'an nan a kafa kwamiti, manya su je jaje. A 2017 gadar Tatabu da ke kan hanyar Mokwa zuwa Jebba ta rushe, manyan motoci suka yi cirko-cirko, kaya suka lalace a hanya. Abin tambaya shi ne, yaushe rabon da a gwada ƙarfin kankaren gadoji da kwalbatocin da ke kan hanyar Kano zuwa Katsina, wadda ta ratsa Kankiya, balle ƙananan da mutanen Kusada da Dudunni suke bi su kai amfanin gona kasuwa?

A ƙa'ida akan gwada kankare bayan kwana 28 da zuba shi. To amma fa kankare yana tsufa. Iska da ruwa sukan shige shi sannu a hankali har su kai ga rodin da ke ciki, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, ya tsaga kankaren daga ciki, alhali ido yana ganin gada lafiya lau. Tsatsar ƙarfen da ke cikin kankare tana cikin dalilan rushewar gadar Morandi a birnin Genoa na Italiya a 2018, inda mutum 43 suka rasu.

Gwajin kuwa ba ya bukatar a rushe komai. Akwai wata 'yar guduma da injiniya Ernst Schmidt na Suwizalan ya ƙirƙiro a 1948, wadda ake buga wa kankare a auna taurinsa daga yadda ta dawo. Akwai na'urar da ke aika sauti ya ratsa ginshiƙi, in akwai rami ko tsaga a ciki sai sautin ya yi jinkiri. Inda aka yi shakka sai a huda a ciro ɗan gunduwar kankaren, a kai ɗakin gwaji a matse shi har ya fashe, a san iyakar nauyin da zai ɗauka. Sassan injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero sun san wannan aiki sarai.

Bayan wata gada ta hallaka mutum 46 a Amurka a 1967, hukuma ta kafa dokar duba gadoji, galibi duk shekara biyu. Mu ma ya kamata Ma'aikatar Ayyuka ta Jihar Katsina da hukumar FERMA su buɗe rajista ga kowace gada: shekarar gininta, sakamakon gwajinta, da nauyin da aka yarda ya hau ta. A yi aikin da rani, lokacin da rafi ya ƙafe ana iya ganin gindin ginshiƙi, a kuma tafi da ɗalibai su koya.

Ma'aikacin da ke tsara kasafin kuɗi ya tuna, kuɗin gwaji bai kai na sabuwar gada ba, balle ran mutum. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya sa masu iko su ji.